Ɗakuna Biyu a Gida Ɗaya: Abin da Na Gani a Daura

A cikin watan Afrilu, lokacin da bazara ta kai bazara, Kawu ya kira ni a waya daga Daura. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Idan kana son ka ƙara ganin soron kakarka, to ka zo yanzu. Tun bara na gina mata sabon ɗaki ta ƙi shiga. Bana kam kafin ruwa ya sauka zan rushe soron, in ga inda za ta kwana."

Na ce, "Ita Kaka me ta ce?"

Ya yi dariya ya ce, "Zo ka ji da kunnenka."

Washegari da sassafe na shiga mota daga Kano, muka bi ta Kazaure. Duk wanda ya bi wannan hanya da bazara ya san launinta. Gonaki fayau, sai kututturen karan gero. Ƙasa ruwan toka-toka, sama ta yi fari fat saboda rana. Abin da ke hutar da ido kawai shi ne ganyen darbejiya a bakin ƙauyuka, da gawo a cikin gonaki, itacen nan mai abin mamaki da ke yin ganye da rani ya kaɗe shi da damina. Na lura duk inda muka ga kore, a nan mutane suke taruwa. Na ɗauka inuwa ce kawai ke jan su. Sai da na kwana uku a Daura na gane ido ma yana neman inda zai huta.

Garin da ake kira tushen Hausa

Ƙannena ɗalibai, na san kun karanta labarin Daura a darasin tarihi: Sarauniya Daurama, baƙon nan Bayajidda, da macijiyar da ta hana mutane ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a. Rijiyar tana nan cikin gari har yau, an kewaye ta da gini, baƙi suna zuwa suna ja da guga su sha. Masarautar Daura tana Jihar Katsina, jihar da aka ƙirƙira a 1987, kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5: Daura, Ɓaure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango. Ta arewa ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Faruk Umar Faruk ya hau gadon sarauta a 2007, bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bashar.

Amma ni wannan karon ba tarihin sarakuna ya kai ni ba. Rigimar ɗaki ce.

Na isa gidan wajen azahar. Kaka tana ganina ta ce, "A'a, maigida ne da tsakar ranar nan? Ina cefane?" Na ce, "Ai ke na zo ɗauka, an ce kin ƙi ɗakin amarya." Ta harare ni ta ce, "Je ka shiga ɗakin amaryar, ka dawo ka ba ni labari."

Sabon ɗakin yana gabas da tsakar gida. Gaskiya daga waje ya yi kyau. Bulo ne da siminti, rufin kwano, ƙofar ƙarfe, ƙasa an sa tayil mai sheƙi. Kawu bai yi rowa ba. Da Kaka ta ƙi shiga, sai aka ba ɗansa, taubashina, wanda ke aji 3 na babbar sakandare, yana shirin jarrabawar WAEC. Shi ya zaɓi fentin da kansa: fentin mai, ja mai duhu, launin rigar ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya. Bango ɗaya kuma ya lulluɓe shi da hotunan 'yan wasa tun daga sama har ƙasa.

Ina shiga na ji kamar an buɗe mini murfin tukunya. Babu silin, zafi yana saukowa daga kwano kai tsaye. Ga taga a buɗe amma ɗakin da duhu-duhu, in ban da wani wuri ɗaya da hasken ya bugi fentin yana kashe ido. Na yi sallama, muryata ta dawo mini. Taubashin nawa yana kwance a kan tayil, littafin Kimiyya a ƙirjinsa. Ya ce, "Wallahi ina buɗe littafi kaina ke ciwo. Sai dai in jira dare, dare kuma in babu wuta shi ke nan." Saura 'yan makonni jarrabawa.

Daga nan na tsallaka tsakar gida, taku bai fi 15 ba, na shiga soron Kaka. Sai da na tsaya a bakin ƙofa. Sanyi ne ya tare ni, ba irin na na'ura ba, irin na gindin randa. Bango fari da farar ƙasa, ba ya ƙyalli. Daga ƙasa zuwa gwiwa an shafa jar ƙasa. 'Yar ƙaramar taga ce can sama, amma ina ganin komai sarai. Daɓen ƙasa ja-ja mai sulɓi, an shimfiɗa tabarmar kaba, a kan gado ga luru fari da ratsin shuɗi. Na zauna don in gaishe ta sosai. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba, sai kiran sallar la'asar na ji.

Kaka ta ce, "To, yaya ɗakin amarya?" Ban ce komai ba. Gani ya kori ji.

Abin da tsohon magini ya nuna mini

Da yamma Kaka ta aike ni wurin wani dattijo a unguwar, magini ne, mahaifinsa ne ya gina soron. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Baba, me ya sa ɗakin ƙasa ya fi sanyi?" Maimakon ya amsa, sai ya taso muka dawo gidan tare. Ya sa ni na auna kaurin bangon a bakin ƙofa. Ya fi kamu ɗaya. Ya ce, "Rana tana dukan wannan bango tun safe. Kafin zafin ya ratso ciki, ta faɗi."

Malaman kimiyya ma haka suke bayani. A wannan yanki zafin bazara yakan haura digiri 40. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafi a hankali, yana kuma sakinsa a hankali. Shi ya sa da rana cikin ɗakin ke da sanyi, da dare kuma bangon ya riƙa fitar da ɗumin da ya tara. Da bazara mutane sukan kwana a tsakar gida, amma da hunturu wannan ɗumi shi ne bargon ɗakin. Kwano kuwa siriri ne, minti kaɗan ya ishe shi ya ɗauki zafi ya zuba wa na ƙasa.

Baba magini ya bi ɗakin da ni yana kiran sunan kowane abu. Tubali, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana. Azara, wadda ake tsagawa daga itacen giginya, gara ba ta cinta da sauƙi. Da yake azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin rufi a faɗin da ya wuce kimanin mita 2, sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo da daurin guga, wato ginshiƙai masu lanƙwasa da ke tashi daga bango su haɗu a tsakiyar rufi. A zauren gidan ya nuna mini inda suka haɗu, an manna wata 'yar tasa. Abin da ke riƙe rufin shi ne kuma adon ɗakin.

Sannan ya ce in shafa bangon waje. Na ji kaushi, da layi-layi masu lanƙwasa. Ya ce, "Yatsun mai yaɓe ne." Launin bangon ja mai duhu daga makuba yake, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana sa ruwa ya zame. Akwai kuma laso, da ake haɗawa da katsi daga marina, da gashin jima, da dafara, a shafe rufi da shi. Shi kuwa daɓe aikin mata ne. Su taru da madaɓai suna duka suna waƙa, a yayyafa ruwan makuba, har ƙasa ta yi ƙarfi ta yi sheƙi. Kaka ta ce da ita aka yi daɓen wannan ɗakin tana amarya.

Launi: abin da ido ke sha

Hausa tana da wata hikima wajen sunan launi. Ban da fari da baƙi da ja da kore da shuɗi, saura yawanci daga abubuwan da muke gani muka aro su: ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan hoda, ruwan madara. Kowane suna yana tuno maka wani abu da ka taɓa gani ko ka ci ko ka taɓa. Shi ya sa launi ba ya shiga ido ya tsaya nan, yana wucewa har zuciya.

Akwai ɓangaren da kowa zai iya gwadawa. Launi mai haske yana mayar da hasken da ya faɗo masa, mai duhu kuma yana shanye shi ya mayar da shi zafi. Ka ajiye farin takalmi da baƙi a rana, ka dawo bayan awa ɗaya ka taɓa su. Ƙaramar tagar Kaka ta wadatar ne saboda farin bango yana watsa hasken ko'ina. Babbar tagar taubashina ta gaza saboda jan bango yana cinye shi. Kuma farar ƙasa ba ta ƙyalli, haskenta a baje yake, ba kamar fentin mai ba da ke tara haske wuri ɗaya kamar madubi.

Wannan ba sanin Daura kaɗai ba ne. A birnin Ahmadabad na ƙasar Indiya, bayan wani matsanancin zafi da ya kashe mutane da yawa a 2010, hukuma ta fito da shirin yaƙi da zafi a 2013, daga baya aka shiga shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti don rage zafin ɗaki.

Ɗaya ɓangaren kuma na sabo ne da al'ada, yakan bambanta daga mutum zuwa mutum. Ranar Juma'a na je ƙofar fada, na ga dogarai cikin ja da kore. Ko daga nesa ba za ka kasa ganinsu ba, kuma dalilin kayan ke nan: a gan su, a natsu, a ba da hanya. Haka dawakin hawan Sallar Gani, bikin da Daura ta yi suna da shi a watan Rabi'ul Awwal, ado ne na tayar da tsumi. Ja launi ne mai kira. Yana da kyau a fili, yana da kyau a riga, amma ka yi tunanin dogari ya tsaya a kanka dare da rana kana son ka yi karatu. Abin da taubashina ya yi wa kansa ke nan da gwangwanin fenti biyu.

Zane yana da wurinsa

Kada ku ɗauka mutanen da ba su son ado. Ku zaga tsofaffin unguwannin Daura ku duba ƙofofin zaure. Za ku ga zankwaye a kusurwoyin rufi, da zanen dagi da sauran zane-zane da aka fitar a jikin yaɓe, wasu an bi su da fenti kala-kala. Irin wannan ado ne ya sa unguwar Birni ta Damagaram, can tsallaken iyaka, ta yi suna. Amma ku lura da inda ake yin sa: fuskar gida, kewayen ƙofa, inda baƙo zai fara gani. Sauran bangon a bar shi haka nan.

A ɗakin Kaka ma haka ne. Bango ɗaya ne ke da jere: tasoshi da kwanonin sha masu furanni da faya-fayai masu launi, an jera su sahu-sahu tun daga aurenta. Sauran bango uku fari ne. Idan kana son kallo, ka juya wajen jere. Idan ka gaji, ka juya baya. Kuma jeren yana da tsari, ƙanana a sama, manya a ƙasa, ido yana bi ba ya ruɗewa. Na tambaye ta me ya sa ba ta cika ko'ina ba. Ta ce, "Miya ma in gishiri ya yi yawa ba ta shawuwa."

Saura abu na uku, wanda aka fi mantawa: laushi da kaushi. Ku gwada tafa hannu a ɗakin da babu komai sai tayil da siminti, sannan ku tafa a ɗakin da ke da tabarma da labule da katifa. A na farko sauti yana bugun bango ya dawo, a na biyu kayan suna shanye shi. Ɗakin da ke amsa kuwwa yana gajiyar da mutum ko bai sani ba. Ga kuma abin da fata ke ji: tabarmar kaba tana barin iska ta ratsa, ledar ɗaki kuwa tana manne wa jiki idan an yi gumi. Labulen auduga yana tace haske, na leda yana tare iska.

Hujjar Kawu

Daren Asabar muka zauna a tsakar gida, na kawo duk wannan bayani ina jin na ci gari. Kawu ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ka gama? To waye zai yi yaɓe?"

Ya yi gaskiya. Ginin ƙasa yana son kulawa kowace shekara. In ba a gyara rufi an share indararo kafin damina ba, ruwa zai kwanta, azara ta ruɓe, kuma soro yana iya faɗowa kan mutane. Ya nuna mini wata tsaga a bangon yamma, hannu yana shiga. Ya ce giginya ta yi wuya, azara ta yi tsada, maginan da suka iya aikin sun tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo. Daga ƙarshe ya faɗi abin da ya fi damunsa: "Mutane suna cewa ina da hali na bar uwata a ɗakin ƙasa."

Nan na gane ba zafi da sanyi kaɗai ake magana ba. Mun wayi gari muna ganin ƙasa alamar talauci ce, siminti alamar arziki. Alhali a wasu wurare da ita ake tinƙaho. Masallacin Yama da ke jihar Tawa a Nijar, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A garin Dandaji, shi ma a jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya fara da gina makarantar firamare ta ƙasa a ƙauyensu Gando, ya karɓi kyautar Pritzker a 2022, ɗan Afirka na farko da ya samu wannan babbar kyauta ta masu zanen gini. Dukkansu sun haɗa tsohon sani da sabon ilimi ne.

Kaka ba ta san waɗannan sunaye ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "A ɗakin nan na haife ka. In ka rushe shi, ka haɗa da ni." Kawu ya yi shiru.

Ba a gama rigimar ba, amma an yi sulhu na damina ɗaya. Baba magini ya duba tsagar ya ce tana gyaruwa, azara biyu ce ke son canji. Kawu ya yarda zai saya, bisa sharaɗin mu jikoki ne za mu kwaɓa ƙasa mu miƙa, kuma in ruwa ya sauka aka ga alamar haɗari, Kaka za ta fito ba gardama. Sabon ɗakin kuma muka tasar masa ranar Lahadi. Muka goge jan fentin da takardar yashi, muka shafa fentin ruwa mai ruwan madara har sau uku kafin jan ya ɓace. Hotunan 'yan ƙwallo muka rage su zuwa biyu, a bayan ƙofa. Aka ɗaura tabarmi a ƙarƙashin kwano a matsayin silin na wucin gadi, aka shimfiɗa ɗaya a ƙasa, aka rataya farin labule. Bai kai soron Kaka sanyi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ana iya karatu a cikinsa da safe da yamma ba tare da fitila ba. Tsakanin azahar da la'asar kuwa, taubashina yana kwasar littattafansa ya koma ɗakin Kaka, ita tana kaɗi, shi yana lissafi.

Kai fa, yaya naka ɗakin?

Yawancinku ba ku da ikon gina ɗaki, wasu ma ku huɗu ko biyar ne a ɗaki ɗaya. Duk da haka akwai abin da ke hannunku. Ka zauna a inda kake karatu ka duba abin da ke gabanka: in tarkace ne, ka kawar, ka bar wa idonka fili. Ka sa haske ya zo ta gefe, ba ta gabanka ba. In za a yi fenti a gida, ka ba da shawarar launi mai haske a ciki, a bar mai ƙarfi ga ƙofa ko bango ɗaya. In za a kankare tsohon fenti, a jiƙa bangon, a rufe hanci, a fitar da yara, domin wasu fentin suna ɗauke da gubar dalma. Kada ka raina tabarma da labulen auduga. In kuma akwai tsohon soro a gidanku ko unguwarku, ka shiga da tsakar rana, ka taɓa bangon, ka tambayi tsofaffi sunan kowane abu, ka rubuta. Wataƙila a cikinku akwai wanda zai karanta zanen gini ya warware wa irin su Kawu matsalar yaɓe.

Ranar da zan dawo, Kaka ta ciro faifai ɗaya daga jerenta ta ba ni, mai ratsin ja da kore da baƙi. Ta ce, "Ka rataye shi inda babu komai, in ba haka ba ba za ka gan shi ba." Yana nan a bangon ɗakina a Kano, shi kaɗai. An ce ruwan farko ya sauka a Daura makon jiya. Na kira Kawu, ya ce soron bai yi yoyo ba, amma damina tukuna ta fara.